Kyamarar da Ba Ta Sallama

Na san abin da ake gaya muku a kan barina aikin gwamnati. Ana cewa Haladu ƙafar yawo gare shi, ba ya iya zama wuri ɗaya, shi ya sa ya yi wasa da aikin da mutane ke nema ido rufe, ya dawo Birnin Kudu yana ɗaukar hoton fasfo a rumfa. Rabin maganar gaskiya ne. Har yau da gwiwoyina suka ƙi, in na zauna a tabarma ƙafata kaɗawa take yi, uwarku ta gaji da yi mini magana ta bar ni da halina. Amma ba ƙafa ce ta raba ni da aikin nan ba. Tunda waɗanda suka san zancen duk sun riga mu gidan gaskiya, gara ku ji daga bakina kafin masu ƙarin gishiri su gama da shi.

Ni ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba, ku da uwarku take ƙwala wa babbanku kira da sunansa tun daga tsakar gida har bakin titi. A ƙauyenmu na ƙasar Gwaram, kusa da Zandam, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo Dudu, yayar mahaifina da ke aure a Birnin Kudu. Ita ta goya ni, ita ta dake ni, ita ta sa ni makaranta. In an je gida da salla nakan durƙusa in gaishe da Inna, mahaifiyata, ita kuma ta amsa wa bango. In tana son a ba ni fura sai ta ce da ƙanwata Asabe, kai wa na Goggo. Kowa ya san kunya ce, ni ma na sani, amma sani daban zuciya daban. Sauran matan ƙauyen suna kunyar suna ɗan sata, ka ga an tura wa yaro ƙuli a ɓoye, ko an shafa kansa in ba kowa a wurin. Inna ba ta sata. Har misali ake yi da ita, in amarya ta cika rawar kai da jaririnta sai a ce ta je ta koyo kara wurin matar Malam Audu. Na girma ina tambayar kaina ko kunya ce kawai, ko kuwa matar nan ba ta damu da ni ba ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma tambayar tana cina kullum.

Zama ya gagare ni a aikin malanta, ya gagare ni a shagon wani ɗan kasuwa da Goggo ta kai ni da roƙo. Ranar da motar majigi ta tsaya a filin kasuwar Birnin Kudu, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, aka tarar muryar mai bayaninsu ta dishe. Na ce a ba ni lasifikar. Na yi ta zuba har jama'a suka bar kallon hoton suna dariyar surutuna. Washegari da motar za ta tashi ina cikinta. Haka na shiga sashen fim na ofishin yaɗa labarai a Kano, na faɗa hannun Malam Tijjani, mutumin cikin birni mai sanyin magana, wanda ya koyi ɗaukar fim a wurin Turawa. Shi ya fara ɗora mini kyamara a hannu, ya ce ko nauyinta zai sa in tsaya.

Kyamarar wancan lokacin muna ce mata mai ido uku. Baƙar aba ce mai nauyin tubali, sai an yi mata wani kamar agogo, kuma wanin ba ya daɗewa, kana tsakiyar ɗaukar abu mai daɗi sai ta tsaya cik. A goshinta akwai faifai mai gilasai uku, ɗaya na fili, ɗaya na tsaka-tsaki, na ukun yana ɗan jawo abu amma ba can ba. In za ka canza sai ka tsaya, ka juya faifan, ka sake saiti, kowa yana kallonka. Saboda haka in fuskar mutum kake so babu wata dabara, sai ka saɓi ƙafafun katakon da ake kafa ta a kai ka je gabansa. To Bahaushe kuwa ba a tsaya masa a gaba haka nan. Sai ka yi sallama, ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka saurari labarin ciwon bayansa, sannan ka ce, Baba, za mu ɗauki hotonka. Shi kuma ya gyara hula ya haɗe rai kamar an kai shi gaban alƙali. Ni da ba na son jira, gaisuwar nan tana cin raina, amma Malam Tijjani ya ce ita ce rabin aikin.

Da na fara zuwa ƙauyenmu da ita, mata suka watse, har da mai barin tulu a bakin rijiya. Mahaifina, Malam Audu, ya kira ni zaure gaban dattawa.

"Abin nan naka, har ina yake gani?"

"Baba, in mutum yana nesa kamar daga nan zuwa tsamiyar can, bai wuce ƙwayar gero ba a ciki. Ko wanda ya haife shi ba zai gane shi ba."

"Ka tabbata?"

"Wallahi, Baba. Sai na zo gaban mutum take kama fuskarsa."

Maganar ta shiga cikin gida ta zama doka. Duk zuwan da na yi bayan nan, mata sukan tsaya can nesa su sha kallonsu hankali kwance. Wadda ta ga na saɓi ƙafafun katako na nufo wajensu sai ta ja mayafi ta ba da baya. Gaskiya na faɗa a ranar, kuma ta zauna gaskiya shekaru da dama.

Su kuwa masu ƙera kyamara a can ƙasashensu ba su zauna ba, ina jin irin halina gare su. Na fara ganin gilashin da ake kira zum a Kaduna, wurin wani taron ma'aikata. Dogo ne mai nauyi da ɗan hannu a gefe, in ka tura hannun sai abin da ke nesa ya taho gabanka ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Amma na farkon nan wahala ne. Yana shanye haske, hotonsa dishi-dishi, kuma ta wata 'yar taga a gefe kake leƙawa, sai an wanko fim ka tarar ka yanke wa mutum rabin kai. Malam Tijjani ya leƙa sau ɗaya ya ce a bar wa masu shi. Ni kuwa na dawo Kano ina mafarkinsa, duk wanda ya dawo daga waje sai na tare shi da tambaya ko an gyara. Sai da yaƙin basasa ya ƙare, kuɗin mai suka fara shigowa, ofisoshi suka cika da sababbin kaya har da waɗanda ba wanda ya nema, sannan aka sauke mana wani akwati. A ciki akwai kyamara mai batir, ba a yi mata wani, ba faifai, ido ɗaya tal, kuma abin da idonka ya gani ta cikinta shi ne abin da fim zai ɗauka. Na fita da ita baranda, na saita wani mai sayar da rake a tsallaken titi, na murɗa zum. Sai ga mutumin a gabana yana sakace, har ina ganin ƙudan da ke kan wuƙarsa. Na yi ihu. Malam Tijjani ya karɓa ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Wannan ba ta sallama," in ji shi.

Na yi dariya, don ni abin da ya burge ni da ita ke nan.

A daminar shekarar aka ce a yi fim a kan takin zamani, a riƙa nuna wa manoma a majigi gari-gari. Na ce ga gonar mahaifina, ya zuba takin, geronsa ya fi mutum tsawo. Muka je da kaka, ranar da ya kira gayyar girbi. Da safe a zaure na ba maza sabuwar kyamarar suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ga akuyar wane a kan hancinsa, wancan ya ja da baya yana a'uziyya, aka sha dariya aka tafi gona. Ba wanda ya tuna ya shiga cikin gida ya gaya wa mata cewa tsohuwar dokar ta mutu. Maza sun ɗauka wasan zaure ne, ni kuma hankalina yana kan rana da batir.

Wajen azahar manyan mata suka kawo fura da dambu, suka sauke a gindin wata ɗorawa can ƙarshen gona, suka tsaya iyakar inda suka saba tsayawa. Ina tsakiyar gona, mai ganga yana zuga samari, ina bin masu magirbi da gudu ina tuntuɓe da kunyoyin gona. Sai na ce bari in ɗauko ƙoren fura daga nan, a nuna cewa gayya da ci take. Na juya, na murɗa zum. Ƙore suka taho, hannaye suka taho, na ɗaga kaɗan. Sai ga fuskar Inna ta cika gilashin.

Ni take kallo. Sauran matan suna raba ludayi suna hira, ita ta ɗan ware gefe, hannunta ɗaya a jikin bishiyar, ta zuba mini ido. A saninta ina nesa, idona ɗaya a rufe, ɗaya a cikin baƙin ƙarfe, ita kuma ƙwayar gero ce. Ban taɓa ganin tsakiyar idon matar nan ba sai ranar. Ashe tana da ɗan tabo a ƙasan girar hagu. Ashe in tana duban abu karkata kai take yi, yadda nake yi Goggo tana ta faɗa in daina. Kallo ne irin na mai duba ko yaro ya rame, daga hulata har takalmina, a hankali, ba gaggawa, sannan bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi ta fasa. Yatsana yana kan maɓalli, ban ɗaga ba. Kada ku jira in ce na yi nadama, ban yi ba. Wanda ya wuni da ƙishi ba a tambayarsa don me ya sha. Sai da wata ta taɓa ta ta miƙa mata ludayi sannan ta sunkuyar da kai, ni kuma na ɗaga yatsana.

A lokacin ba a wanke irin fim ɗinmu a nan, sai an aika ƙasar waje a yi makonni ana jira. Ban taɓa shiga ƙunci irin na jiran nan ba. In kwana Kano in tashi in ɗauki hanyar Birnin Kudu a kan babur, in sha ruwa in juya. Ina tsoron jirgi ya faɗi da gwangwanin fim ɗin, ina tsoron haske ya shige shi ya ƙona hoton, wani lokacin kuma ina tsoron ya dawo lafiya in tarar idona ne ya yi mini ƙarya. Mai kai saƙon ofis har ɓuya yake yi in ya hango ni. Uwarku tana amarya a lokacin, ta je ta gaya wa Goggo cewa tana jin iska ce ta taɓa ni.

Ya dawo lafiya. Muka rufe tagogin ɗakin da muke haɗa fim muka haska, ni da Malam Tijjani da direban motar majigi da ya shigo shan inuwa. Fuskar ta cika bango. Malam Tijjani ya sa aka mayar aka sake.

"Wace ce wannan?"

"Mahaifiyata ce, Malam."

Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya mai da ido kan bango.

"Haladu, tun da nake aikin nan ban ɗauki fuska irin wannan ba. Da ita za mu rufe fim ɗin. Manomiya tana duban amfanin gona tana gode wa Allah."

Daɗi ya hana ni tunani. Akwai wata 'yar na'ura a teburin, da hannu ake juya ta a duba fim ta ƙaramin gilashi. In an tashi aiki sai in zauna in juya gaba, in juya baya, Inna ta ɗago kai ta dube ni, ta sunkuya, ta sake ɗagowa. A kwanakin nan ne kaɗai aka taɓa ganina a kan kujera na daɗe. Manya suka zo suka gani suka yaba, aka fara maganar za a tura mutum ɗaya Ingila kwas, kuma sunana ake ambata.

Direbanmu, bawan Allah, da kyakkyawar niyya ya yi ɓarnar. Ya kai majigi kasuwar Gwaram da wani tsohon fim, ya zauna wurin mai shayi ya ce ku dai ku jira na gaba, Innar Haladu ta cika bango guda tana kallon kyamara ko ƙiftawa babu. A Kano wannan yabo ne. A Gwaram kuwa kowa ya san wanda ya riƙe kyamarar ranar gayya. Kafin kasuwa ta sake ci magana ta kai Zandam, ta kai Basirka, ta kai Farin Dutse inda dangin Inna suke. Ni ban sani ba sai da na iso Birnin Kudu na tarar da Goggo tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba.

"Sarkin yawo, ka kyauta. Ka je ka tuɓe wa uwarka zane a kasuwa."

"Goggo, me na yi? Kallona ta yi."

"To ai shi ne. An yi haihuwa a maƙwabtansu ba ta je barka ba. An yi rasuwa a Farin Dutse sai Asabe ta aika. 'Yan mata sun fara sa ta a waƙar gaɗa, tun ma ba a ga hoton ba. Ranar da aka haska shi a filin kasuwa, ga maza, ga yara, ga surukanta, gaya mini ta ina za ta bi ta je rijiya?"

Na tashi na zaga tsakar gidan na dawo, na sake zagawa. Na ce zamani ya canza, na ce uwa ta kalli ɗanta ina laifin, na ce a birni ko a jikinsu. Na faɗi maganganu da yawa irin na wanda ya san ba shi da gaskiya amma ba ya son sakin abin da ke hannunsa.

"Zauna, kana sa ni jiri," in ji Goggo. "Matar nan ba ta da saniya, ba ta da gona. Abin da ta tara a duniya karar nan ce, da ita aka san ta."

"Ni fa, Goggo? Tun da aka haife ni abin da na samu a wurinta ke nan."

Ta ajiye mazarin a tasa ta dube ni. Na zaci faɗa za ta yi, sai na ji muryarta ta sauka.

"Ai ka samu, ɗan nan. Sai mutanen kasuwar Basirka sun gani sannan zai zama naka?"

Ban kwana ba na koma Kano. Irin fim ɗin da muke aiki da shi, wanda aka ɗauka shi ne wanda aka wanko, babu na biyu sai an gama haɗawa an mayar an buga kwafi. Saura 'yan kwanaki a mayar da namu. Da safe na sami Malam Tijjani a bakin teburin, na ce a cire fuskar nan, na gaya masa dalili. Ya saurara har na gama.

"Tun ranar farko na gane ba gona take kallo ba," ya ce. "Ni ma ɗan fari ne, Haladu. Tawa ta rasu ban samu ko rabin wannan ba. Amma manya sun gani, sun ce da ita za a rufe. Kayan gwamnati ne yanzu, ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Kuma ka san saboda ita ake maganar Ingila."

"To a haska ko'ina, Malam, ban da ƙasar Gwaram."

"Majigi mota ce. Wa zai tsare ta?"

Kada ku ɗauka Ingila ƙaramin abu ce a wurina. Ni da Kano ta yi wa kaɗan, ni da nake zuwa filin jirgi ranar hutu don kawai in ga ana tashi. Na riga na sayi kwat a gwanjo na ɓoye a ƙasan akwati, na riga na ga kaina a wurin da ake ƙera gilasan nan ina tambayar masu yi. Na tsaya a ɗakin ina jin kamar a raba ni biyu. Na je taga na dawo. Sannan na jawo fim ɗin a kan teburi, na nemo inda ƙoren fura suka ƙare, na ɗauki almakashi. Ban jira Malam Tijjani ya fita ba, don ba na son a ce sata na yi. Bai riƙe hannuna ba, bai kuma kau da kai ba. Na yanke farko, na ja, na yanke ƙarshe.

"Ka san abin da ka yanke?"

"Na sani, Malam."

"Dole in faɗa."

"Ka faɗa."

Ya buɗe durowa ya ɗauko wani ƙaramin gwangwani ya miƙo mini.

"Naɗe shi a hankali. Kada ka sa yatsa a kan fuskar."

Ban jira a kira ni ba na ajiye aikin, don wanda ya yanke kayan gwamnati da gangan ya san inda maganar za ta ƙare. Aka rufe fim ɗin da hoton damman gero. Wani abokin aikina ya tafi Ingila, ya dawo ya zama babba, ya gama aiki da gida da mota. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo, kuma duk lokacin da na ji ƙarar jirgi ina cikin rumfa ina cewa wani ya ɗaga haɓa, yana sake yi mini. Uwarku ta yi kuka ranar da muka ɗaure kaya, ta ce ita ma'aikaci aka aura mata. Kwat ɗin nan tela ya mai da shi wandunan makaranta na manyanku.

Niyyata in riƙe gwangwanin. Na ce ai na biya, nawa ne, zan ɓoye shi inda ba mai gani. Na aika gida cewa an cire, ba za a haska ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga Asabe, wadda ke aure can cikin ƙauyenmu, ta biyo motar kasuwa ta zo har Birnin Kudu.

"Yaya, har yanzu ba ta fita. Ta ce in dai abin yana duniya, wata rana za a haska."

Na yi kwanaki da gwangwanin a aljihu, in hau babur in kama hanyar Gwaram, in kai rabi in juyo. Sau da yawa na yi haka har masu gonakin bakin hanya suka fara ɗaga mini hannu. Ranar da na ƙarasa, bayan la'asar na isa. Inna tana madafa tana tuƙa tuwo, Asabe tana gyara mata wuta. Ta rame. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta, ta amsa wa tukunya.

"Asabe, ki gaya wa Inna ga shi nan. Babu wani bayan wannan."

Asabe ta buɗe gwangwanin, fim ɗin ya warware ya zubo har ƙasa. Inna ta ajiye muciya, ta goge hannu a zane, ta karɓa da yatsu biyu. Ba ta taɓa riƙe fim ba. Ta ɗaga shi saitin hasken ƙofa ta ƙanƙance ido, ga 'yan hotuna ƙanana jere a jiki, kowanne bai kai farce ba. Ta duba ɗaya, ta ja, ta duba na gaba, ta sake ja.

"Asabe, wannan wace ce?"

"Ke ce, Inna."

"Nan fa?"

"Nan ma ke ce. Duk ke ce."

"Har sau nawa?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Asabe, ki gaya mata kallo ɗaya ne. Haka na'urar take, abu ɗaya take yankawa gunduwa-gunduwa."

Ta ci gaba da ja yana bi ta tsakanin yatsunta yana taruwa a cinyarta, tuwo yana ta ɓararraka ba mai kula shi, har ta kai ƙarshe. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba da Asabe ba, ba kuma da ni ba.

"Ɗaya dai ta kama."

Sai a lokacin na gane. Duk sallar da na zo na tashi daga gabanta na juya baya, duk ranar da na hau mota a bakin hanya ina jin haushin ba ta rako ni ba, ana kallona. Tambayar da na girma da ita ta mutu a bakin ƙofar madafar nan.

Ta dunƙule fim ɗin ta tura ƙarƙashin tukunya. Bai kama da wuta irin ta kara ba, ƙanƙancewa ya yi yana narkewa, wari ya cika madafa. A hanya na yi ta tsoron in na ga haka zan sa hannu cikin wutar, amma ban motsa ba. Hawaye kawai na ji suna bin gemuna, ni da mata, a gaban ƙanwata. Inna ta juya mini baya ta ɗauki muciya.

"Asabe, hayaƙin abin nan da yaji yake. Kai wa yayanki ruwa ya wanke ido."

Ita kuma ta goge nata da bakin zane, ta ci gaba da tuƙi.